Mutumin Da Ya Roƙe Ni In Ja Masa Aiki

Ran nan wani yaro ɗan makaranta daga Danau Kota ya shigo kedai ɗina, wato shagona, da hoton kakansa da ya manne a jikin gilashi. Na ce masa ya dawo bayan sati. Ya ce, "Haba Baba, sati? Wannan fa aikin app ne, yanzu-yanzu an gama." Na ce to, Allah ya ƙara wa app lafiya, je ka kai masa. Yaro ya koma ɗaki ya sa farce ya ɓamɓare. Da ya dawo, rabin fuskar tsohon na jikin gilashi, rabi na jikin takarda. Na ce, "Ɗana, yanzu kakanka ya zama biyu. Wanne za a gyara?"

Saboda irinsa nake wannan rubutu. Sunana Garba, mutanen Setapak, unguwarmu a nan Malesiya, suna ce mini Ankul. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, don haka duk mai digirin da ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya biyo ni kedai. Sana'ata gyaran tsofaffin hotuna da sa su a firam. Ku kuna ganin danna kwamfuta ne kawai. Ba ku ganin audugar da nake shafe funfuna da ita, da burushin da ya fi gashin girar jariri laushi, da rezar yankan gilashi, da tabaraun da ke mai da ƙuda ya zama kaza. Hoton da ya manne ba a jansa. Ana ɗaukarsa a sikana ta bayan gilashin tukuna, sannan a lallashe shi da ruwa kamar yadda ake lallashin mai kuɗi.

A Fagge na koyi aiki, wurin Oga Sule mai hoto. Na daɗe ina shara da fiƙe fensir kafin ya bar ni na shiga ɗaki mai duhu, inda ake wanke hoto, wari kamar an zubar da ruwan tsami. Da fensirin nan muke gyara fuskar mutum a jikin nagatif: mu cike ƙuraje, mu rage tamoji, mu mai da dattijo saurayi. Amma babban darasin da Oga ya ba ni ba na fensir ba ne. Ya ce duk wawa ya iya gama aiki, gwani shi ne wanda zai ce wa mai aiki "ba a gama ba" ya kuma tafi yana godiya. Ya koya mini yadda ake dafa ƙirji, yadda ake sunkuyar da kai, yadda ake tambayar lafiyar iyali kafin a buɗe baki a kan aiki. A Kano abin ba wuya. Ka ce an ɗauke wuta, magana ta ƙare, shi ma mai aikin daga duhu ya fito.

Na zo Malesiya ne rakiyar ɗan wani Alhaji da aka turo karatu. Yaron ya koma gida ba takarda, ni na zauna. Wani Basine mai shagon hoto, da kowa ke kira Tauke, ya ɗauke ni. A satin farko na gane na shigo ƙasar wahala: ba a ɗauke wuta. Na ce wa wata mata injin ya tsaya saboda rashin wuta, ta dubi fanka tana juyawa, ta dube ni. Sai da na sake koyon sana'a daga farko. Allah ya taimake ni da ruwan sama. A garin da ake ruwa kusan kullum, "gam bai bushe ba" ba ta taɓa ba ni kunya ba.

'Yan gida su ne yawancin masu kawo mini aiki, kuma ba wanda ya taɓa kawo kakansa ya ce a bar shi yadda yake. Idan ranar nuna al'adu ta zo a makarantunku, sai ku yi mini layi. Wannan ya ce a sa wa tsoho babbar riga. Wancan ya ce a cire akuyar da ke bayansa a sa mota. Wani ya ce a ɗan haska shi, wai rana ce ta ƙona shi. Na sa wa manoma agogon zinariya har na gaji. Ban taɓa gyara hoton jikan talaka ba a garin nan, duk jikokin attajirai ne, har mai cin bashin shayi a mamak, wato shagon mai shayi na garin nan. Akwai kuma masu zuwa a ɓoye su ce a sa musu rigar kammala karatu, za a aika wa Alhaji. Waɗannan ba na faɗin sunansu, sun san kansu, kuma hular ta yi musu kyau.

Shekarar korona ce ta kusa kashe ni. Aka rufe kedai wata da watanni, ba iska, ba na'urar sanyi. Da muka buɗe, funfuna ta ci hotunan mutane a cikin durowa, wani ango da amaryarsa sun koma kore shar kamar ganyen alayyahu, gara ta mai da katakon firam gari. 'Yan makaranta duk sun koma karatu ta waya. Tauke ya duba, ya ce ya gaji, ya koma garinsu, ya bar mini kedai da funfunarsa. Shinkafa da kifin gwangwani na ci har na fara jin ƙamshin teku a jikina.

Bayan an buɗe gari ne aikin da nake son ba ku labari ya zo. Wata Asabar, wata mata ta shigo da gwangwanin biskit a hannu, wani tsoho mai farar malfa na biye da ita, bayansu kuma yarinya ta toshe kunne da waya. Matar sunanta Madam Teresa, injiniya ce ta harkar mai. Tsohon ubanta ne, Baba Ramon. Yarinyar 'yarta ce, Ines. Mutanen Venezuela ne, yarensu Sifaniyanci, amma yarinyar a nan ta tashi, kome aka ce mata sai ta ce "boleh lah", wato "ba damuwa" da Malayanci, ba tare da ta ɗaga kai ba.

Madam ta buɗe gwangwani, hotuna ne fal, wasu sun yi ja, wasu sun karye, wasu ɓera ya ɗanɗana. Ta ce a al'adarsu idan yarinya ta cika shekara goma sha biyar ana yi mata biki, da doguwar riga da kiɗa da rawa, kamar na aure amma ba ango, wanda a ganina shi ne biki mafi hankali da na taɓa ji. Tana so a gyara kakannin nan duka, a jera su a bangon wurin biki, kowane da cikakken sunansa a ƙasa, sannan a aika kwafi ga dangi, don danginsu sun watse, wasu na nan, wasu na can, ba ƙasar da ba su. Na tambaya wa za a sa wa babbar riga. Ta ce ba kowa. Akwai wani ba takalmi a ƙafarsa, riƙe da jaki, na ce ko in sa masa takalmi, kyauta. Ta ce in na taɓa ƙafar nan za ta kwashe kayanta. Sunayen kuwa, kowane mutum da sunan gidan ubansa da na gidan uwarsa a jere, kamar jirgin ƙasa. Ni da ban san sunan uwar kakata ba, sai na gyara zama na yi kamar mu ma haka muke.

Matsalar ita ce ba wanda ya san mutanen nan sai Baba Ramon. Don haka aka yi shiri: duk Asabar za a kawo shi, ina gyara, yana faɗin suna, Madam na sawa a wayarta. Turancinsa a karye yake kamar nawa, shi ya sa muka fahimci juna sosai. Yana ce mini Mayestiro, wai malam ke nan a yarensu. Ban musa ba.

Asabar ta farko ya ɗauki hoton wata mata mai kitso biyu, ya ce gwaggonsa ce Rosa, mai sai da cuku, wadda ta taɓa korar ɗan sanda da muciya. Ya yi mana labarinta har shayi ya huce. Asabar ta biyu aka nuna masa ita don a tabbatar, ya ce, "Wace Rosa? Wannan ai maƙwabciyarmu ce da ta gudu da wanzami." Mai jakin nan ya zama kakansa, ya zama ƙanin kakansa, ya zama ɓarawon da ya sace jakin. Madam tana gogewa tana sake rubutawa, fuskarta na ƙara tsawo.

Ran nan ta fita sabunta kuɗin fakin, yarinya na waje da wayarta. Tsohon ya leƙa ƙofa, ya matso, ya kama hannuna.

"Mayestiro, na san kowa a gwangwanin nan. Har sunan jakin na sani."

Na ce, "To Baba, me ya sa kake wahalar da baiwar Allah?"

Ya ce, "Ka san inda nake zaune? Can saman bene, kusa da gajimare. 'Yata ta fita da safe, jikata ta shiga ɗaki ta rufe. Mai aikin gida ba ta jin yarena. Ina magana da tukunyar fure. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya tambaye ni kome sai ko na sha magani. Yanzu ga shi ana tambayata, ana rubuta abin da na ce. Ran da na faɗi suna na ƙarshe, an mai da ni wurin fure. Ka ja aikin nan, don Allah."

Jama'a, na tsufa a sana'a. An zage ni a kan jan aiki da Hausa, an zage ni da Malayanci, wani Ba'indiye ya zage ni da yaren da har yau ban san sunansa ba. Ban taɓa ganin wanda ya roƙe ni in ja ba. Na ji kamar an kira ni a ba ni lambar yabo. Na dafa ƙirji na ce, "Baba, ka zo gidan abin."

Muka ci gaba, shi yana juya sunaye, ni gam ɗina ba ya bushewa. Sai wata Asabar Madam ta ja ni gefe, ta rage murya. Ta ce ta lura kan babanta ya fara tafiya. Ta ce ba za ta iya barinsa shi kaɗai a sama ba, kada wata rana ya manta wuta a kunne ko ya fita ya ɓata. Ta je ta duba wani gidan kula da tsofaffi, mai tsabta ne, da an gama biki za a kai shi. Tana faɗa tana murza makullin mota, ba ta kalle ni ba.

Da ta fita na ce masa, "Baba Ramon, ka ƙone miyar. Ƙaryarka ta yi gishiri da yawa. Daga wurin fure za a kai ka wurin da ko furen ba naka ba ne."

Ya cire malfa ya riƙe. Ya ce, "In na faɗi gaskiya aiki ya ƙare. In na ci gaba a kai ni can. Ina zan bi?"

Na ce, "Laifinka ɗaya, ka shiga sana'ar da ba ka yi koyo ba. Daga yau kai gaskiya za ka riƙa faɗa, tsantsarta. Jan aiki ka bar wa masu shi."

Da Madam ta dawo na sunkuyar da kai, na tambayi lafiyar aiki, sannan na ce akwai matsala. Tawadar firinta ba ta jituwa da irin kwalin da nake zagaye tsofaffin hotuna da shi. In aka buga suna a kai, danshin garin nan zai sa ta yi naso, ta shiga hoton. Sai dai a rubuta da hannu, da fensir, a nan kedai, kafin in rufe gilashi. Ni kuma rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka. Ana bukatar hannun yaro, mara rawa, wanda ya iya boko.

Ta dube ni ta ce, "Ankul, ni fa injiniya ce."

Na ce, "Na sani Madam. Amma ta mai, ba ta tawada ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta leƙa waje ta kira, "Ines!"

Haka aka zaunar da yarinya a kan bencina, aka cire mata abin kunne, na ba ta fensir na fiƙe shi irin na Oga Sule. Na kafa doka: hoto biyu a rana, in an wuce haka kwali zai gaji. Ta ce, "Kwali yana gajiya, Ankul?" Na ce ta tambayi app. Tsohon kuma ya kafa tasa dokar: kunnensa ya daina jin Turanci. In tana son suna, ta tambaya da yaren gidansu. Ranar farko ta yi ta cije-cije, tana haɗa Sifaniyanci da Malayanci, yana gyara mata, tana buga ƙafa. Ya ba ta sunan mai kitso biyu, Rosa ce dai, mai cuku. Ta rubuta, ya ce ta bar sunan gidan uwa, ta goge, ta sake. Sati na gaba uwar ta ɗauko wayarta ta jarraba shi, ta juya hotuna, ta sako na baya a gaba. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ya ma gyara mata ranar haihuwar uwarta. Madam ta ce, "To da can me ya same ka, Baba?" Ya ce maganin da take ba shi ne ya fara aiki.

Ba a daɗe ba Madam ta daina zuwa. Yarinyar ce ke kawo shi a motar haya ta waya. Su biya ta mamak su yi tapau, wato a ƙulla musu shayi uku su taho da shi, su zauna su cika mini kedai da surutu. Tana ce masa Abuwelo, wato kaka, yana ce mata abin da ban sani ba, su yi faɗa, su yi dariya. Na zama baƙo a shagona, ba na gane ko kalma. Wata rana ta juyo ta ce mini, "Ankul, ka san mai jakin nan da ƙafa ya kai 'ya'yansa birni don su yi makaranta? Takalminsa ya ba babban ɗan." Na ce ai tun farko na ga alama, shi ya sa na hana a sa masa takalmi.

Ana saura 'yan kwanaki biki muka zo kan hoto na ƙarshe. Wata budurwa ce a bakin taga, da farin mayafi a kafaɗa, tana dariya da wanda ya ɗauki hoton. Ranar Madam ta zo da kanta don ta kwashi kaya. Ines ta ɗaga fensir ta ce, "Abuwelo, wace ce?"

Ya karɓa ya duba. Ya yi murmushi, ya buɗe baki, ya rufe. Na ce a raina tsohon nan ya koma halinsa, zan ci masa. Sai na ga hannunsa. Na san hannun mai wasa, na yi watanni ina kallonsa. Wannan rawa yake. Madam ta ajiye makulli a kan tebur, tana kallon ubanta.

Na miƙa hannu na fizge hoton, na kai shi ƙarƙashin tabarau, na yi salati da ƙarfi. Na ce funfuna! Ga ta nan a gefen taga, irin mai cin fuska, in aka rufe ta da gilashi, kafin wata guda za ta cinye budurwar, ta kuma harbi sauran. Wannan ba za shi biki ba. Sai ya zauna a wurina an yi masa magani, kuma irin wannan magani ba a sa masa rana. Madam ta ce a nuna mata. Na ce ido mara horo ba ya gani. Ta ce to aƙalla a rubuta sunan. Na ce ba a rubuta suna a kwalin da za a jefar. Ta yi tsaki irin nasu, ta kwashi sauran, yarinya ta taya ta kaiwa mota.

Muka rage mu biyu. Na ce, "Baba, yanzu ba kowa. Wace ce?"

Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, wato rantsuwarsu. Ya ce, "Mayestiro, wannan ba wasa ba ne. Na san tagar. Na san ni na ɗauki hoton. Na san abin da na faɗa mata ta yi dariya. Sunan ne babu."

Na ce, "Mutum ya riƙe gwangwani guda na matattu da sunayen uwayensu, ya manta ɗaya, wannan ba ciwo ba ne. Ni da safe na nemi tabarauna, yana kan hancina."

Ya ce, "'Yata ba za ta ce haka ba."

Na ce, "'Yarka funfuna aka gaya mata."

An yi biki, an gayyace ni, na sa babbar rigata ta gaske, ba ta kwamfuta ba. Yarinya ta bi bango da baƙi, tana nuna kowa tana faɗin sunansa da laifinsa, dangi na kallo ta waya daga ƙasashe suna kuka suna gardama. Ta yi rawa da kakanta. Maganar gidan tsofaffi ban sake jin ta ba, ban kuma tambaya ba.

Budurwar bakin taga tana nan a wurina, lafiyarta ƙalau, ko ɗigon funfuna babu. Duk Asabar Ines tana kawo shi duba mara lafiya, ta wuce mamak ta bar mu. In ɗauko hoton in jingina shi inda haske ke faɗowa, in ci gaba da yankan gilashina, shi kuma ya zauna ya zuba mata ido. Satin da ya wuce ya ce yana jin sunan da "Ma" ya fara.

Na ce ya bi a hankali. Ba mai korar mu.